Tankin Auta

Shin Yaya ya sani tun ranar farko, ko kuwa sai da ya gani da idonsa? Na juya wannan tambaya a raina har na gaji, ban sami amsa ba, kuma ba irin abin da ƙane zai zaunar da wansa ya tambaye shi ba ne.

Ni makaniken injin kwale-kwale ne. Ba wanda ya koya mini. Wani mataccen inji na yi ta kwancewa ina ɗaurawa har na gane inda kowane ƙarfe yake zama. Rumfata tana bayan tashar da ake lodin mutane da kaya zuwa ƙetaren kogi. Yayana masunci ne a da, da gwiwa ta hana shi shiga ruwa sai ya sayi inji ya ɗora wa babban kwale-kwalensa, ya miƙa wa ɗansa tuƙi. Auta muke ce wa ɗan nasa, ko da yake ya yi aure har da 'ya ɗaya, kuma in ya shigo rumfata sai ya sunkuya saboda tsawo. Direba ne mai natsuwa. Ba ya tsere da kowa, ba ya lodin da ya wuce kima.

Abin ya faru ne a lokacin cikar kogi. Da sassafe ya ɗauki buhunan gishiri da wata mata mai fataucin kifi. Waɗanda ke bakin ruwa sun ce ja ɗaya ya yi wa igiya injin ya tashi, ya tafi sumul har tsakiya, sama kaɗan da ginshiƙan gadar da ba a ƙarasa ginawa ba, inda ruwa ya fi ƙarfi. Nan injin ya yi tari, ya sake ɗauka, ya sake tari, ya mutu. Ruwa ya ja jirgin a karkace ya buga shi da ginshiƙi. Matar ta rungumi wata jarka marar komai, aka tsamo ta da rai. Auta kuwa sai daga baya aka sami gawarsa can ƙasa, cikin saiwoyin wata bishiya.

Matar ba ta da abin faɗa da yawa. Ta ce da injin ya mutu Auta bai yi ihu ba, bai ɗauki filafili ba, sai ya durƙusa a kan tanki yana ta fama da shi, har ya kifa fuskarsa a kai. Mutane suka ce ai shinshina man yake yi, ya ji ba daidai ba.

Da masu nutso suka ciro injin, tun kafin ya iso hannuna samarin tasha suka kwance ɗan sukurun da ke gindin kafireta. Ruwa ya zubo. Ba wanda ya tsaya ya tuna cewa injin a ƙarƙashin kogi ya kwana. Kowa ya juya ya kalli rumfar Mazurari.

Mazurari shi ke sayar da fetur a tashar, kuma ba zan wanke shi ba. Gwangwanin awonsa a lotse yake ta gindi. In mai ya yi wuya yakan surka da kananzir, in damina ta yi yakan bar duro a buɗe ya ce ya manta. Na sha wanke kafireta saboda shi, har direbobi suna yi mini tsiya cewa ni da shi kamfani ɗaya ne, shi yana lalatawa ni ina gyarawa, da yamma mu raba. A ranar nan ba wanda ya yi wasa. Kafin shugaban ƙungiyar masu kwale-kwale, wanda muke kira Ciyaman, ya ƙwace shi daga hannun samari, sun fasa masa baki sun rufe masa ido ɗaya. Ciyaman ya kulle shi a ɗakin ajiyar ƙungiya, ya ce ba mai taɓa shi sai masu ta'aziyya sun ragu, ƙungiya ta zauna, an ji daga bakin makanike. Samarin suka yarda, amma suka jingina tsohuwar taya da ƙofar ɗakin, ba wanda ya ɗauke ta.

Aka kawo mini injin a baro.

Aikin mai ba shi da wani sirri. Hanya ce guda daga tanki zuwa cikin inji, kana bin ta tasha-tasha har ka iske inda aka tare. A ƙa'ida daga tanki ake farawa, amma tankin Auta ya ɓace da jirgin, don haka na faro daga ƙarshe ina komawa baya. Na cire fulogi na juya injin ya amayar da ruwan da ya sha. Na sauke kafireta na buɗe. Ruwan da ke ciki jan ruwan kogi ne, da laka a kwance a gindi. Ruwan da ya daɗe a duron fetur ba haka yake ba: fari ne, yana tafe da ɓurɓushin tsatsa, kuma yana barin wani farin gari a jikin ƙarfe. Ban ga ko ɗaya ba. Na ɗaga ƙananan ƙofofin mai ga hasken rana, duk a buɗe suke. Na kwance famfon mai, robar da ke cikinsa lafiya lau, ba tsaga ba ƙofa. Filta ma tsaf, ban da lakar kogi. Na wanke komai da fetur, na busar, na zuba mai a inda ya kamata, na mayar. Na rataya injin a bakin duron ruwan da nake gwaji a ciki, na haɗa masa nawa tankin. A ja na uku ya tashi, ya yi ta ruri har mutanen tasha suka leƙo.

Na kashe shi na zauna. Injin ba shi da ciwo. Yunwa ce ta kashe shi a tsakiyar kogi, kuma abin da ya hana shi mai yana can baya, a wurin da ban gani ba tukuna. Abu ɗaya kuma ya tsaya mini a rai: ruwa ya fi fetur nauyi, gindin tanki yake kwanciya, daga gindin kuma tiyo yake zuƙa. Da man Mazurari yana da ruwa, da tun a bakin gaɓa injin zai fara shaƙewa, ba zai kai tsakiya sumul ba.

Washegari da hantsi wani masunci ya shigo rumfata da jan tankin roba a kafaɗa. Ya ce a cikin ciyawa ya gan shi yana yawo, ya gane na Auta ne. Ya ajiye ya tafi duba komarsa. Ina ganin bai kalle shi da kyau ba.

Ni tun daga nesa na gani. Gefen tankin duka biyu sun shige ciki, kamar kumatun tsohon da haƙora suka zube. Tiyon yana nan a maƙale, kuma ƙwallon robar da ake matsawa don a jawo mai ya lotse ya manne, kai ka ce taka shi aka yi.

Kowane tanki yana da ɗan sukuru a tsakiyar murfi. Ta nan yake shan iska. Mai yana fita, iska tana shiga ta cike gurbinsa. In aka toshe wannan ƙofa, inji zai tashi lafiya, zai yi tafiya lafiya, yana zuƙa tankin yana matsewa, har a kai inda famfo ba zai iya jawo ko ɗigo ba. Sai ya yi tari ya mutu. Duk direba ya san wannan. Magani kuma murɗa ɗaya ne da yatsu biyu. Sukurun Auta kuwa zarensa ya cinye tuntuni, kullum a sake yake, ba ya rufuwa. Shi ya sa ba ya ko kallonsa in zai tashi.

Na sa yatsu na murɗa. Ko motsi. Na kama murfin gaba ɗaya da hannu biyu, shi ma kamar an yi masa walda. Na jawo tankin bakin rumfa inda haske yake. An yanko robar tiyub an naɗe wuyan tankin da ita kafin a ɗaura murfin, an yanka wata ƙarama an sa a ƙarƙashin sukurun, sannan an ɗaure duka biyun da filaya. Ga shatin haƙoran filayar nan a jere. Aiki ne mai tsafta, na mutumin da ya zauna a tsanake. Na san yankan. Da irin wannan robar ake ɗaure komai a gidanmu tun ina yaro, daga mariƙin wuƙa har ƙafar kujera.

A kan shatin filayar akwai wani shatin daban, marar tsari, ya cinye gefen sukurun ya sauka har kan murfi. Na daɗe ina kallo kafin na yarda da abin da nake gani. Haƙoran mutum ne.

Da yana da wuƙa a jikinsa, da ya huda tankin, da yanzu yana nan. Auta ba ya yawo da wuƙa. Ya ce shi direba ne, ba mahauci ba.

Ban buɗe ba. Na tura tankin ƙarƙashin benci, inda rana ba za ta taɓa shi ya kumbura ba, na rufa masa buhu.

Da la'asar na tafi gidan Yaya. Yana zaune a tabarma a ƙofar ɗakinsa, ya miƙe ƙafar da ke ciwo, mutane biyu uku suna gefe. Yaya ne ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Shi ya hana a fitar da ni daga gida lokacin da na ƙi kamun kifi na tare a gindin mataccen inji, ya ce a ƙyale shi, ko mahaukaci ma da ranarsa. Har yau ba ya kirana da komai sai Makanike, da wata 'yar dariya a ƙarshen kalmar. A ranar ba dariyar.

Da mutanen suka tashi na matsa kusa na ce masa an tsinci tankin.

Bai ɗago ba. "Kada ka kawo mini shi nan."

"Yaya, da ka duba shi ko sau ɗaya."

"Na ce kada ka kawo. Ba inji ba, ba tanki ba, ba katako ɗaya na jirgin nan ba. Ba zan sake sa hannuna a kansu ba har in mutu."

Daga nan ya koma kan Mazurari. Ya lissafo direbobin da ya cuta, da shekarar da ya sayar wa asibitin ƙetare man da ya kashe musu janareto, da yadda yake dariya in an kama shi. Ya ce shi ba ya neman diyya, ba ya neman hukuma, a buɗe ɗakin kawai a bar shi da shi. Na yi ta kallon fuskarsa ina neman wata alama, ban ga komai ba sai tsohon da ya binne ɗansa.

Zan fita matar Auta ta tare ni a tsakar gida da kofin ruwa, 'yarta a goye. Ta rame har wuyanta ya fito. Ta ce, Baffa, a riƙa lallashin Baba ya ci abinci, shi ya fi kowa shiga wani hali. Ta ce ko a yammacin ƙarshe hidimar Auta yake yi. Auta ya cika tanki a wajen Mazurari ya kawo gida kamar kullum saboda ɓarayi, ya ajiye a lungun da ke jikin tagarsu, ya fita kallon ƙwallo. Warin fetur ya cika ɗakin, yarinyar ta yi ta tari. Sai Baba ya jawo tankin gabansa, ya ce shekara nawa yana cewa a gyara murfin nan, man da aka saya da tsada yana bin iska a banza. Ya zauna da almakashi da roba har ya gama. Ta ce ranar ne kaɗai suka kwana ba wari. Da asuba Auta ya ɗauka ya fita, Baba bai fito ba tukuna.

Ta faɗa ne don in ji irin ƙaunar da ke tsakaninsu. Na shanye ruwan na miƙa mata kofin.

Matata na fara gaya wa. Tana tsintar shinkafa a tire, ta saurare ni har ƙarshe ba ta ɗago ba, sannan ta ce in mayar da tankin kogi inda ya fito. Na ce akwai mutum a kulle da taya a ƙofarsa. Ta ce mutumin da ni da bakina na ce wata rana sai ya kashe wani? In bai kashe wannan ba, sa'a ce kawai ya ci, ba halin kirki ba. Ta ce Yaya yana da hawan jini, ya riga ya rasa ɗa, in na ɗora masa wannan to in tanadi likkafani na biyu. Kuma yarinyar nan da ke zaune a gidansa, da wane ido za ta riƙa kallonsa tana ba shi abinci?

"Kai dai ka iya bin tiyo," in ji ta. "Mutane ba tiyo ba ne, Malam."

Na daɗe ina tunanin ko ana iya hukunta mutum da laifin da bai yi ba a madadin waɗanda ya yi ya sha. In ma'aunin duniya ya karkace sau goma ya ba shi, ya karkace sau ɗaya ya hana shi, wa aka zalunta? Na auna ta nan na auna ta can. Duk inda na biyo sai in dawo kan cewa ni ba a tambaye ni halin Mazurari ba. An tambaye ni abin da ya kashe inji.

Na nemi hanya ta uku. Na sami Ciyaman a ofishin ƙungiya shi kaɗai, na ce masa na duba komai, ba mai ba ne. Ya cire tabarau ya ce ya ji, to mene ne? Na ce inji ƙarfe ne, yakan mutu. Ya ce in je in gaya wa samarin can haka, in ga ko za su ɗauke tayar. Mutane sun ga ruwa ya zubo da idonsu, ba za a karɓe musu wannan a ba su iska ba. Sai na ce to robar famfon ce ta tsage, kuma ni na sa ta, a ɗora mini.

Ciyaman ya yi wata dariya marar daɗi. "Injiniya, ƙaryar ma ba ka iya ba. Tashar nan duka ta ji injin yana ruri a duronka, kuma mai shagon kayan gyara ya ce ko washa ba ka saya ba. An ce an kawo maka tanki. Ka kawo shi gaban mutane a buɗe, a zuba man a kwalba kowa ya gani. Shi ke nan."

Na ce ba zan kawo ba.

Ya ce shi iyakar abin da zai iya ya riƙe makulli har ranar zama. Bayan nan ƙofar katako ce.

Da na fito na bi ta bayan ɗakin ajiyar, inda akwai wata 'yar taga mai ƙarafa. Mazurari yana zaune a kan tarin tsofaffin rigunan ruwa, ɗakin yana warin fitsari. Da ya gan ni ya taso yana ɗingishi. Ko a wannan hali bai bar halinsa ba. Ya fara da cewa in na fitar da shi zan sha mai kyauta har ƙarshen rayuwata. Na ce masa man nasa ko kyauta ne sai na tace. Ya so ya yi dariya, leɓen ya hana shi.

Sai ya riƙe ƙarfen tagar ya rage murya. "Abokin kamfani, ni ɓarawon awo ne, kowa ya sani. Amma duron nan a gaban Auta na fasa hatiminsa. Wallahi sabo ne."

Ya ce an hana matarsa ɗiban ruwa a famfon unguwa, yaransa ba sa fita. Ya tambaye ni ko gaskiya ne akwai taya a ƙofar, don shi yana jin suna maganarta amma ba ya gani. Na ce ban lura ba.

Ranar zama aka jera bencuna a ƙarƙashin rumfar tasha. Direbobi da masunta da 'yan dako duk sun hallara, mata suna tsaye daga baya. Aka kawo Yaya aka ba shi kujera a gaba. Aka fito da Mazurari aka zaunar da shi a ƙasa, Ciyaman ya tsaya a tsakaninsa da samarin. Ɗaya daga cikinsu, wani ƙato da ake kira Bulo, wanda suka taso tare da Auta, yana riƙe da jarka ƙarama. Ba ya ɓoye ta.

Na turo injin a baro, ba tanki. Na yi musu bayani kamar yadda na yi wa kaina: lakar kogi, ƙofofin mai, famfo, filta, da yadda ruwa ke kwanciya a gindin tanki. Tsofaffin direbobi suna gyaɗa kai. Samarin ba su bari na kai ƙarshe ba. Wani ya ce nawa aka ba ka. Wani ya ce ai dama kamfaninsu ɗaya, wannan karon ba da wasa ya faɗa ba. Bulo ya kwance murfin jarkarsa ya jefar, warin fetur ya tashi. Ciyaman yana ɗaga hannu yana magana, ba mai jinsa. Mazurari ya dunƙule ya rufe kansa da hannuwa.

Na dubi Yaya. Idonsa yana ƙasa.

Na ce su jira ni. Ban san yadda muryata ta fita ba, amma sun ji. Na koma rumfa na ɗauko tankin da buhunsa, na sa filaya a aljihu, na dawo na ajiye shi a tsakiyar fili na yaye buhun.

Tsofaffin ne suka fara yin shiru. Wanda duk ya shekara a kan ruwa ya san abin da lotsattsen tanki da mannannen ƙwallo suke nufi. Shirun ya bi layi har ya kai kan samarin. Na kira Bulo na ce ya ajiye jarka ya zo ya buɗe mini sukurun nan. Ya zo a fusace, ya kama da yatsu, ya sake kamawa da gefen rigarsa, ya dafe tankin da gwiwa ya murɗa murfin har jijiyoyin wuyansa suka tashi. Ya miƙe yana haki, yana kallon yatsunsa.

Na riga na yanke cewa ba zan ambaci sunan kowa ba. Na zaci in na nuna tankin na yi shiru, maganar za ta tsaya a nan, a saki Mazurari, kowa ya watse. Ban yi lissafin cewa mutane ba sa barin laifi a ƙasa ba mai shi.

Wani tsohon direba ne ya fara, a hankali, kamar mai magana da kansa. Ya ce ikon Allah, direba kamar Auta ya toshe tankinsa ya shiga ruwan cika. Wani ya karɓe ya ce yaran yanzu ke nan, ba sa duba komai. Wani daga baya ya ce da matar nan ta mutu fa, da ya ɗauki alhakin rai. Maganar ta fara zagayawa, kowa yana ƙara nasa, cikin murya irin ta masu jimami. Matar Auta tana cikin matan da ke tsaye. Na ga ta sa hannu ta toshe bakinta, idonta a kan surukinta.

Ina iya buɗe baki in ce ba Auta ba ne. Ban buɗe ba. Har yau ban san ko tausayin Yaya ne ya riƙe mini harshe, ko kuwa jira nake in ga abin da zai yi.

Kujerarsa ta yi ƙara. Ya dafa kafaɗar na kusa da shi ya miƙe, ya ture hannun da aka miƙo don a riƙe shi, ya tako a hankali yana jan ƙafar. Da ya iso ya durƙusa a kan gwiwar da shekara da shekaru ba ta lanƙwasuwa. Ya jawo tankin gabansa. Ya shafa robar da ke wuyan, ya bi shatin filayar da babban yatsa, sannan yatsan ya hau ɗaya shatin ya tsaya.

"Yarona bai toshe komai ba," in ji shi. Bai ɗaga murya ba, amma har na baya sun ji.

Ya miƙo mini hannu ba tare da ya kalle ni ba. "Makanike, ba ni filayar."

Na ba shi. Sai da ya kama sau biyu kafin bakin filayar ya zauna a kan sukurun. Ya murɗa. Iska ta shiga da wani dogon tsaki, gefen tankin ya buga ya dawo daidai, ƙwallon robar ya fara cika a hankali.

Ya ce a rataya injin a bayan kwale-kwalen da ke ɗaure a gaɓa. Bulo da wani suka ɗauka suka rataya. Yaya ya hana kowa taɓa tankin, shi ya ja shi da kansa har cikin jirgin, ya zauna a katakon da direba ke zama. Ya maƙala tiyon a jikin injin, ya riƙa matsa ƙwallon har ya yi tauri a tafinsa.

"Ja," in ji shi.

Na kama igiyar na ja.